Matar Yaya Ta Cire Sunan Auta

Shekararta arba'in da ɗaya lokacin da ta shiga jami'a, kuma tun a makon farko 'yan ajinsu suka laƙaba mata Ƙararrawa. Ba don so suka sa mata sunan ba. Ita ce mai zama a layin gaba, ita ce mai ɗaga hannu ta tuna wa malami cewa yau ya ce zai karɓi aikin gida, alhali kowa na fatan Allah ya sa ya manta.

A asibiti take aiki, ɗakin kati. Shekara goma sha tara tana bayan wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe, tana karɓar kati, tana zaro fayil, tana karanta rubutun likitocin da su kansu ba sa iya karantawa. Da ma ba haka ta so rayuwarta ta kasance ba. Tana budurwa ta samu gurbin karatu a jami'a, takardunta na hannun kawunta wanda ya ce shi zai kai ta rajista. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, ranar da suka je sai suka tarar an rufe da kwana biyu. Kawun ya karkaɗe rigarsa ya ce Allah bai yi ba. Har ya bar duniya ba ta ƙara shan ruwa a gidansa ba.

Shi ya sa da ta samu dama ta biyu ta riƙe ta da haƙori. Tana da wani ɗan littafi a jaka, kowace awa ta mako da abin da aka rubuta a gabanta. Rabin awar hutun da ake ba su a wurin aiki, shafi shida take karantawa. 'Ya'yanta uku sun san ranar Asabar idan ta tura ƙofar ɗaki bayan azahar, ko gobara ce sai dai a kira babansu.

A shekara ta uku aka haɗa su kwas ɗaya da Auta, ƙanin mijinta. Yaro ne mai kai, mai baki, kowa nasa ne, amma ko alƙalami bai cika zuwa aji da shi ba. Malamin kwas ɗin ya ce a rabu huɗu-huɗu, kowane rukuni ya yi bincike ya kawo rahoto cikin mako shida. Kafin ta juya, Auta ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Matar Yaya, ai ni na warke," in ji shi yana dariya. "Wanda ke da ke a rukuni sai barci."

"Ka gwada barcin ka gani," ta ce. Shi ya ɗauka wasa ne.

Bincikensu kan daɗewar marasa lafiya ne a layi kafin su ga likita. Ta raba aikin a take. Sauran biyun, wata doguwa da ƙawarta mai tabarau, su nemo littattafai su rubuta babin farko. Ita za ta yi lissafi da haɗa rahoto. Auta kuma, tunda bakinsa ba ya gajiya, ya zaga ƙananan asibitoci uku ya cike takardar tambayoyi daga bakin mutum sittin, goma sha biyar kowane mako.

Mako na farko ya ce ai sai an shiga yanayin abu tukuna. Na biyu ya ce rana ta yi zafi. Na uku ya daina ɗaga wayarta. Ta tare shi a bakin ɗakin karatu, yana tsakiyar abokansa ana musun ƙwallo.

"Ina takarduna?"

"Haba Anti, a gaban mutane? Ni fa na fi iya aiki idan wuƙa ta zo wuya."

"Wuyanka ko nawa?"

Abokan suka kwashe da dariya. Ɗaya ya kwaikwayi ƙarar ƙararrawa da baki, ta juya ta kalle shi har sai da ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar Auta ya daina ce mata matar Yaya, ya koma "waccan matar".

Ana saura kwana uku ya zo asibiti ya turo mata damin takardu ta taga, kamar mai jefa wa kare ƙashi. "Ga su nan. Sai a bar ni in sha iska."

Ta buɗe ta farko, ta biyar, ta ashirin. Biro ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma wannan ba laifi ba ne tunda shi ke rubutawa. Abin da ya tsayar da ita, mutum sittin duk sun jira awa biyu ko uku cif, babu mai awa ɗaya da kwata. Akwai namiji mai shekara hamsin da ya zo awon ciki. Asibiti na ukun kuwa ita ta san an rufe shi don gyara tun watan jiya.

"A gindin wace bishiya ka zauna ka cike waɗannan?"

"Wa zai duba? Malamin nan ko shafi biyu ba ya karantawa."

"Ni na duba."

"To sai ki yi abin da za ki yi," ya ce, ya juya.

Ta kuwa yi. Ta ɗauki hutun kwana biyu, ta ja doguwa da mai tabarau suna ƙunƙuni, suka tsaya a layin asibitoci tun safe har yamma. Mutum talatin da takwas suka samu. Ta rubuta talatin da takwas, ta bayyana dalili a rahoton, sannan a bangon gaba ta buga sunaye uku.

Ranar miƙawa Auta ya iso fes da shi da sabon aski don ya sa hannu. Ya duba bangon sama da ƙasa.

"Ina sunana?"

"Yana wurin aikinka."

Muryarsa ta cika barandar. Ya ce ita muguwa ce, baƙin ciki take yi da ƙuruciyarsa, ta tsufa a bayan taga shi ya sa take so kowa ya tsufa a makaranta. Ya ce a gidansu aka rufa mata asiri. Ɗalibai suka taru, kuma yawancinsu bayansa suke. Ita dai ta ƙwanƙwasa ofishin malamin, ta ajiye rahoton, ta ajiye damin takardun Auta a gefensa, ta fito.

Da yamma surukarta ta aiko a kira ta. Tsohuwar ba ta ko amsa gaisuwa ba.

"Ke yanzu layi ɗaya na rubutu ya fi miki jinin mijinki? Da ɗanki ne za ki cire shi?"

"Da ɗana ne, Inna, tun mako na biyu zan cire shi."

"Tashi ki ba ni wuri."

Mijinta ya yi ta safa da marwa tsakanin gidajen biyu, nan a ce masa mijin-ta-ce, can a ce masa shi ya lalata ƙaninsa. Wata rana ya ce mata da ta bari ya yi wa yaron magana tukuna. Ta ce sau huɗu ta gaya masa, sau huɗu yana cewa zai yi. Bai sake tayar da zancen ba.

Auta ya faɗi kwas ɗin, ya ƙara shekara guda a jami'a. Ita ta gama a kan lokaci, kuma daga dangin miji babu wanda ya zo taya ta murna sai mijin. A asibiti aka ba ta shugabancin sashen, ma'aikata shida a ƙarƙashinta, dukkansu suna zuwa kafin ƙarfe takwas, babu mai son ta a cikinsu.

Da shekara ta zagayo, wata rana tana tsaka da cin abincin rana wayarta ta yi ƙara. Hoto ne daga Auta, babu ko sallama: sakamakon kwas ɗin da ya maimaita, makinsa ya fi nata da bakwai. Ta ƙara girman hoton ta duba da kyau, ta tabbatar na gaske ne, sannan ta goge.

Har yau idan ta shiga gidan surukarta ta ƙofar gaba, Auta na fita ta baya.