Motocin Da Muka Kai Sparkhill

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni manajan direbobi ne a wani kamfanin jigilar kaya a Manchester. Mai kamfanin wani Alhaji ne ɗan garinmu, abokin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Shi ya ɗauki nauyin bizata, kuma flat ɗin da muke zaune ni da maiɗakina nasa ne. Idan ya ce in yi abu, ba na tambayar dalili.

Wata Asabar ya ce in tara direbobi mu kai sababbin motocinmu wani gareji a Sparkhill, can Birmingham, wai za a yi musu sabis. Ni da kaina na ja ta gaba. Motocin ba su dawo ba. Bayan 'yan makonni aka sanar cewa kamfanin ya karye. Masu bin bashi suka ce ba su yarda da bayanin mai kamfanin ba, sai kotu ta naɗa mai bincike mai zaman kanta, wata dattijuwar akanta da ba ta da alaƙa da kowa a cikinmu, don ta gano inda dukiyar ta shiga.

Da aka sa mini ranar ganinta, Baba ya kira ni gidansa. Ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in gaya mata motocin sun lalace ne aka sayar wa 'yan gwangwan. Ya tambayi lafiyar iyali, sannan a hankali ya ce takardun zamana a ƙasar nan ai da sunansa suke tsaye. Tun daga ranar abinci ya daina shiga cikina. Ko mai kawo saƙo ne ya buga ƙofa, sai gabana ya faɗi. Maiɗakina tana da tsohon ciki, na ɓoye mata, har likita ya ce jinina ya hau. Da ta matsa na faɗa mata, ta ce gara mu koma gida da talauci da ta riƙa kai mini jariri gidan yari.

Ranar da na je wurinta, mai binciken ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ba ni ruwa, ta ce ba ita ke hukunta mutane ba, rahoto kawai za ta kai wa alƙali, amma yi mata ƙarya laifi ne. Sai ta tambaye ni inda motocin suke. Na ajiye kofin. Na faɗi gaskiya.

An ƙwato motocin, aka hana Baba riƙe kamfani. Mu kuma ya tashe mu daga gidansa. Muka raɓe wajen ƙanwar maiɗakina a unguwar Erdington ta Birmingham, a can ta haihu, kuma saura ƙiris bizata ta mutu kafin na samu wani aikin. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata a masallaci.

'Yan'uwa, girmama babba bai hana tambaya ba. Kada ka bari aikinka da muhallinka da takardunka su taru a hannun mutum ɗaya, komai kirkinsa. Ranar da za a zaunar da kai gaban mai bincike, kai kaɗai za a kira cikin ɗakin.