Hannun Daman Gawayi

Tun tana ƙarama ake ce mata Gawayi, don babu bangon gidansu da bai sha zanenta ba, ita ma babu faɗan da ba ta sha ba a kan haka. Sunan ya bi ta har makarantar koyon zane, inda ta samu shiga bayan ta daɗe tana taya yayanta aiki a shagonsa na buga hotuna.

A kan takarda ba ta da na biyu a ajinsu. Sai da aka shigar da su ɗakin kwamfuta, aka miƙa wa kowa allon zane da alƙalaminsa na roba, sannan ta raina kanta. Hannu na ƙasa a kan allo, ido na sama a kan gilashi, ta ja layi nan ya ɓulla can. Malamin ajin, wanda ɗalibai ke kira Agogo, zanen sauri yake koyarwa. Zai haska hoto a bango, ya danna wayarsa, ya ce, "Rabin awa. Ban da gogewa."

Ranar farko hoton wata tsohuwa ya sa. Lokaci ya cika Gawayi tana kan ido ɗaya. Agogo ya tsaya a bayanta, ya leƙa.

"Ido ya yi kyau," in ji shi. "Mai shi fa, tana hanya ne?"

Aji ya kwashe da dariya. Da aka tashi ya kira ta gefe. "Kanne idonki har hoton ya dusashe. Duhu da haske kawai za ki gani, su za ki fara zubawa da babban buroshi. Gashin ido sai in lokaci ya rage."

Ta samo wani tsohon allo mai tsagaggen gefe, ta haɗa da kwamfutar shagon Yaya. Duk sanda masu sayayya suka tsagaita sai ta zana abin da ke gabanta: fankar da ke kaɗa kai, kujerar roba mai ɗaurarriyar ƙafa, mai gyaran takalman tsallaken titi. Da farko fuskokin kamar dankali suke fitowa. A hankali hannu ya saba. Ta daina bin layi ta koma bin haske, ta gane cewa inuwa ma tana da launi. Wata ranar hutu ta kamo yadda hantsi ke sauka a ƙofar ƙarfen shagon, ta gama tun lokaci da saura. Da ta nuna wa Agogo ya jima yana kallo, ya ce, "Ba laifi." Ta yini tana murmushi ita kaɗai. Har Doguwa, wadda ke zama kusa da ita a aji, ta fara matsowa tana cewa, "Don Allah nuna min yadda kike yi." Ta nuna mata duka.

Manhajar zanen tana naɗar aikin tun daga ɗigon farko, ta matse shi ya koma ɗan gajeren bidiyo. Gawayi ta fara ɗora su a intanet, ta kuma nuna wa mahaifiyarta ɗaya. Mama ta kalli fuska tana haɗuwa kafin ƙiftawar ido, ta miƙo wayar.

"Ashe injin ne ke yi. Ni da nake tausayinki."

Yaya kuwa kasuwa ya hango. Ya liƙa sanarwa a ƙofar shago: a kawo hoto a mayar da shi zane. Mutane suka yi ta zuwa. Wannan a rage mata kumatu, wancan a cike masa sanƙo, kowa kuma a tsaye yake jira, tunda ya ga a bidiyo nan da nan ake gamawa. Safe makaranta, yamma shago, hannu ɗaya.

Ciwon ya fara da ɗan zugi a gindin babban yatsa. Daga baya ya hau wuyan hannu, har kofin shayi ya suɓuce mata. Ta gaya wa Yaya, ya ce, "Ke ma dai, zane ne fa, ba fasa dutse ba." Ta gaya wa Agogo, ya ce, "Duk mai zanen kirki hannunsa na ciwo." Likita ne kaɗai bai ɗauke shi wasa ba. Ya ce jijiya ce ta kumbura, ta ajiye alƙalami watanni, in ba haka ba abin zai zauna mata.

A daidai lokacin wani kamfanin fim ɗin zane ya aiko zai ɗauki ɗalibi ɗaya daga ajinsu, kuma da gwajin zanen sauri za a zaɓa. Gawayi ta naɗe hannu da bandeji, ta haɗiyi maganin ciwo, ta zauna. Aka haska hoton tashar mota ana ruwan sama. Ta zuba sararin, ta zuba jiƙaƙƙen titin da fitilun motoci ke kwance a kai. Ko ita ta san ba ta taɓa farawa da kyau haka ba. Tana shirin sa mutane sai yatsun suka saki. Alƙalami ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta ɗauko da hagu ta cusa a dama, ya sake faɗuwa. Ta zauna tana kallon tashar da babu kowa a cikinta har wayar Agogo ta yi ƙara.

Ya same ta a bakin ƙofa. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, Malam."

Doguwa aka ɗauka.

Gawayi ta gama makaranta da kyar, da tsofaffin ayyukanta. An yi mata aiki a hannun, zugin ya ragu, amma riƙo bai dawo ba; in ta ɗan jima da alƙalami sai yatsun su mutu. Yaya ya cire sanarwar, ya mayar da ita kan injin kwafi. Tana koyon zane da hagu, layin yana rawa kamar na mai jin sanyi, kuma ba ta nuna wa kowa.

Doguwa ba ta yar da ita ba. Takan biyo shagon in an tashi aiki. Wata yamma ta zo da damuwa, ta buɗe wani zanen daji da shugabanta ya dawo mata da shi, ita kuma ta rasa laifinsa. Gawayi ta dube shi sau ɗaya.

"Rana biyu kika sa a sama. Bishiyoyi haskensu daga dama, dutsen daga hagu."

Doguwa ta dafe baki. Nan take ta gyara a kan teburin shagon, zanen ya tashi. Ta rufe allon a hankali, ta ce, "Wallahi ke ya kamata a ce kina kujerar nan."

"Na sani," in ji Gawayi.

Wani mutum ya shigo da takardun makarantar 'yarsa, yana so a yi masa kwafi gaba da baya. Ta karɓa da hagu, ta ɗaga murfin injin.