Butar da Ta Tafi Daji

A shekarun da muke haya a garin Dengfeng na ƙasar China, ɗana na fari yana makarantar firamare ta 'yan China, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a ajinsu. Ba ya da aboki. Da hutun zafi ya zo, makarantar ta kwashi yara zuwa wani sansani a tsaunukan arewacin gari, inda za su yi ta kwana a tantuna. Ya nace sai ya je. Na yarda bayan malamarsu ta yi alkawarin shinkafa da ƙwai kawai za a ba shi. Na haɗa masa kilishi da darduma da butar roba mai zanen kore, na rubuta sunansa da ajami a gindinta.

Ranar ziyarar iyaye na hau bas na je. Wurin duk gora ne da sauro, ga rafi a ƙasa. Na hango shi cikin yara suna hura wuta, wani ya rataya hannu a wuyansa. Ban taɓa ganin haka ba.

Malamar ta zaunar da mu iyaye a inuwa, ta jera kofuna, ta ɗauko butar ta fara zuba mana shayin ganye mai sanyi. Ta yaba kyanta, ta ce ba ta taɓa ganin tukunyar shayi mara nauyi irin wannan ba.

Yaron ya matso kusa da ni.

"Baba, don Allah kar ka faɗa."

"Ka shiga bayi da ita?"

"Ranar farko kawai. Da na ajiye, malama ta ɗauka."

"To da me kake tsarki?"

"Da kwalbar lemo. Baba, in suka sani na shiga uku."

A karatun da na yi, abin da ke cikin buta mai tsarki ne muddin ƙazanta ba ta shiga ba. Cikina dai bai yi wannan karatun ba. Na yi bisimilla na shanye, ta ƙara mini.

Da zan tafi na ce mata butar ta gida ce, uwar yaron na nemanta, na ba ta fulas ɗina a madadinta. Ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Yaron bai rako ni bakin hanya ba, abokansa na kiransa rafi.