Audugar Inna Habi

Tsoro ya fara kama ni ne lokacin da Inna Habi ta ce in ajiye buta. Ina tsaye a kan yayata Fadima, an shimfiɗe ta bisa tabarma an rufe da zane, maza sun riga sun tafi ginar kabari.

"Aje ruwanga, Ruƙayyatu. Ban yi bankwana da ita ba tukuna."

Inna Habi ce mai wankan gawar mata a Gangara. Gajeriyar tsohuwa ce, goro ya rine mata haƙora, ranar kasuwa tana sayar da daddawa. Wurin kakarta ta gaji wankan, tare da wata al'ada da ake yi mata gunaguni a kai: ba ta zuba wa gawa ruwa sai ta figi auduga ta ɗora a ƙofar hanci, ta zauna ta ja carbi har ya zagayo.

Damina biyu ke nan ruwa na ɗaukewa gero bai fid da kai ba. Yawancin magidanta sun tafi cin rani, an bar mata da surfen aikatau da jan guga a rijiyar da kullum ƙara zurfi take yi. Nan tiramol ta samu shiga. Masu talla a babur ke kawo ta da sunan maganin gajiya. Mace ta jefa a koko, ta wuni tana aiki ba ta ji a jikinta ba, in ta daina yi mata sai ta ƙara. Dawowata ke nan daga jami'a a Sakkwato, na tarar Fadima ta rame. Da safiyar ranar ta faɗi a bakin rijiya, ta yi ta karkarwa, sannan ta yi shiru. Aka taɓa ta aka ji sanyi, aka yi salati.

Inna ta sha ganin haka. Danginmu rabi suna Nijar, don haka har ƙauyukan Madarunfa ake ɗaukar ta wanka. Ta ce can ma labarin ɗaya ne: mace da ƙuruciyarta, leɓe ya yi baƙi, ƙullin ƙwaya a bakin zane. Na taɓa gaya mata na karanta cewa har a Amurka mata na mutuwa da irin waɗannan magunguna. Ta dube ni ta ce, "Su ma rijiyassu ta ƙahe?"

Ta ɗora audugar, ta fara jan carbi. Daga waje Labbo, ƙanen mijin Fadima, ya yi gyaran murya.

"Inna, rana na yi fa."

"Labbo, in kana sauri tahi ka kwanta, ramen ya ishe ka."

Carbi ya wuce rabi sai audugar ta motsa. Na ɗauka iska ce. Inna ta saki asabari, ta nuna mini in kau da fuskata kada numfashina ya taɓa audugar. Muka jira, jira mai tsawo. Audugar ta sake motsawa.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta juya Fadima bisa gefenta, ta sa yatsa ta buɗe mata baki.

"Hwaɗa ma Labbo mota muka so."

Babu mota a garin, don haka a cikin makarar da aka kawo don jana'izarta aka ɗauke ta zuwa bakin titi. Mutane na miƙewa za su bi jana'iza, Labbo na ta cewa, "Da ranta, da ranta." Daga asibitin Sabon Birni aka tura su Sakkwato. Ni aka bar wa 'ya'yanta.

Bayan an tafi da ita, na tambayi Inna ko audugar ta saba motsi.

"Ni dai yau nif fara gani. Kakata ta ce ta taɓa gani, tun tana budurwa." Ta ɗaure carbinta. "Za ni gida, daddawata na bisa wuta."

Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Tun kafin a haifi mahaifiyata take zaman nan gaban auduga, ana yi mata gunaguni.

An rufe bakin kabarin da ƙaya saboda awaki, ba a cike shi ba. Jiya Labbo ya kira, ya ce tana numfashi amma ba ta farka ba. Yau bai kira ba tukuna. Muna jira.