Haramina Ya Sha Turare

Saura kwana biyu mu tashi aikin Hajji, na buɗe jakata, sai ƙamshi ya tarbe ni. Ashe uwargida ce, don tsabar ƙauna, ta turara haramina da turaren wutan Damagaram.

Cikin nutsuwar da ta dace da dattijo irina, na kira malaminmu.

"Alhaji, maza a wanke! Mai harami ba ya taɓa turare."

"Allah gafarta Malam, an wanke. Yanzu ƙamshin lemo yake yi, domin a nan Greensboro, garin Turawan da muke zaune, sabulu ma turare ne."

Ya ce zai duba littafi. Har yanzu dubawa yake.

Na dai shanya shi a kan shinge. Masana, iska tana korar lemo kafin jibi?