Murhun da Ba Ya Bayar da Garwashi

Sana'ata gwanjo ce. Da tiren goro na fara a bakin titi a unguwar Mokola, na koma dillancin tsofaffin kekuna, daga baya na lura cewa a Ibadan ba a rasa mai tashi. Bature ya gama aiki zai koma ƙasarsu, malamin makaranta an yi masa canji, kowa da gado da kujeru da fankar da ba zai iya ɗauka ba. Sai na zama mai saye. Na iya kallon abu in gano inda aka ɓoye aibinsa, kuma ba na bari kaya su shiga raina. Duk abin da ya shigo shagona na sayarwa ne. Wani murhun gas ne kaɗai na ɗauka na kai gida.

Lokacin da ƙasa ta rikice, gab da yaƙin basasa ya ɓarke, mutanen Gabas suka yi ta barin gari. Ban taɓa sayen kaya da yawa kamar a watannin nan ba, kuma ban ji daɗin cinikin ba. Mutum zai sayar maka da gadon da 'ya'yansa suka kwana a kai jiya, ka taya, ya ce ɗauka. A cikinsu akwai wata nas, 'yar ƙabilar Ibo, wadda na daɗe ina kai wa kaya. Murhunta fari ne mai kai biyu, da tukunyar gas da tiyon roba. Ta sallama mini komai ba musu, amma da na sa hannu zan ɗaga murhun sai ta dafe shi.

Ta ce, "Malam, wannan ba keke ba ne. Zauna."

Na zauna. Ta nuna mini a ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa makunni. In an gama a murɗa shi har ya tsaya, a rufe kan tukunyar. Ta kaɗa ruwan sabulu ta shafa wa tiyon da mahaɗarsa, ta ce duk inda kumfa ta taso, nan iska ke fita. Sannan ta buɗe shi kaɗan ba wuta, ta sa na shaƙa. Wari ne mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ce ranar da na ji shi a ɗaki, kada ko taba a shigo da ita, a buɗe ƙofa da taga a fita. Ta sa na maimaita kamar ɗan makaranta. Ban sake jin labarinta ba.

Dalilin da ya sa na kai shi gida mahaifiyata ce. Inna tuwo take sayarwa daga cikin gida, fataken goro da masu koro shanu daga Arewa su ne masu cinikinta. Da wannan tuwon ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu. Damina a Ibadan ba ta ƙarewa da wuri, itace kullum jiƙaƙƙe ne, madafinta kuwa ɗan ɗaki ne mai gajeren rufin kwano da taga kamar tafin hannu. Shekara da shekaru tana durƙushe tana hura wannan ɗanyen itace. Idanunta suka kaɗa, suna zubar da ruwa ko ba ta kusa da wuta, na hagu har ya fara yana. Da ƙyar na kai ta asibiti. Likita ya ce na hagun sai dai haƙuri, na daman kuwa in ta ci gaba da zama cikin hayaƙi shi ma zai bi ɗan'uwansa. Da muka fito ta ce da matata, ina tsaye, "Faɗa masa kwalli ya ishe ni."

Haka muke magana da ita. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ni ma ba na zama a ɗakinta. In na gaishe ta da safe daga bakin ƙofa na gama. Sauran zance ta bakin matata yake bi, daga ni zuwa Inna, daga Inna zuwa ni. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma babu wanda yake ganin aibinta a Sabo, unguwarmu ta Hausawa.

Don haka da na kawo murhun, matata na koya wa. Duk abin da nas ta nuna mini na nuna mata, ta kuwa riƙe tsaf, don tana da kai. Na ce ta koya wa Inna. Abin da ban lissafa ba shi ne, matar ɗa ba ta ce wa uwar miji "kada ki yi". Za ta iya cewa ga yadda ake kunnawa, ga yadda ake ragewa. Amma duk wani "kada" da na ba ta, a hanya ya zube tsakanin ɗakina da madafi.

Da farko Inna ta ƙi. Ta ce wuta ba itace ba toka, wannan ba ta san asalinta ba. Ta ce tukunya tana santsi a kai, ba a iya tuƙa tuwo. Na sauke murhun ƙasa daidai 'yar kujerarta, na sa maƙeri ya yi masa ƙarfen da zai riƙe gindin tukunya. Da ta ga ruwa ya tafasa kafin ta gama tankaɗe, sai ta yi shiru. A wajen Inna shiru yarda ce.

Abu ɗaya dai ta ci gaba da mita a kansa. A layinmu ita ce take fara hura wuta, saboda haka da sassafe matan maƙwabta kan shigo ɗibar garwashi a murfin kwano ko fasasshen kasko. Mai ɗibar wuta ba ta fita haka nan, sai ta faɗi wa ya haihu, wa ya iso daga Kano, wa ya yi faɗa da mijinta. Murhun gas ba ya bayar da garwashi. Cikin ɗan lokaci sawu ya ɗauke. Na sha jin ta tana cewa da matata, "Gidan ya koma kamar na Turawa, ko sallama babu." A lokacin na ɗauka mitar tsufa ce. Sai daga baya na gane cewa da hayaƙin na fitar mata da rabin mutanenta.

Ashe tun ranar farko Inna hure wutar take yi. In ta gama girki sai ta rage ta, ta sunkuya ta busa, kamar yadda take kashe fitila tun tana yarinya. Matata tana gani. Ba ta iya yi mata magana, sai ta jira ta juya baya, ta lallaɓa ta murɗe makunnin, ta rufe kan tukunyar gas. Kullum haka. Ni ma ba ta faɗa mini ba, don kada ya zama ta kawo ƙarar uwar miji.

Wata rana aka yi suna a gidan ƙanwar matata, ta tafi tun da hantsi. Ruwa ake yi. Inna ta gama miya, ta hure wutarta, ta rufe taga da ƙofar madafi saboda feshi, ta shiga ɗaki. Bayan azahar ta fito ta ji wari. Ta ce ɓera ne ya mutu a bayan buhuna. A gidan Bahaushiya kuwa maganin wari ɗaya ne, turaren wuta. Da yake babu garwashi a gidanta, ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta ta roƙo, ita da a da ake roƙa a wajenta. Maƙwabciyar ta rako ta suna hira.

Ni kuma na dawo cin abinci. Tun daga zaure na ji warin nan. Ina shiga tsakar gida na hango Inna da kasko a hannu, turare yana tashi, ta nufi ƙofar madafi, saura kaɗan ta tura ta.

Na ce, "Inna, tsaya!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwata. Ba ta ma gane da ita nake ba. Na yi tsalle na kama wuyan hannunta, na fizge kaskon na jefa shi cikin ruwan da ya taru a tsakar gida. Na janye su duka biyu zuwa zaure, na koma na toshe hanci na buɗe ƙofa da taga, na rufe kan tukunyar gas. Sai bayan na fito na ga tafin hannuna ya tashi.

Maƙwabciyar ta riƙe haɓa tana salati. Inna kuwa ta gyara mayafinta, ta dubi bango ta ce, "Yau na ga abin da na haifa." Ta shige ɗaki.

Kafin la'asar rabin Sabo ya ji cewa mai gwanjo ya finciki uwarsa a gaban mutane. Ba wanda ya ji zancen gas, don ba abin da ya fashe, ba abin da ya ƙone. Abin da bai faru ba wuyar bayani gare shi.

Washegari na tarar an jera duwatsu uku a madafi, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwano. An tura murhun gas gefe an kifa masa tabarma. Na durƙusa a bakin ƙofa na ba da haƙuri, ta amsa gaisuwa ta ci gaba da hura wuta. Na aika matata da bayani, aka ce mata ta je ta yi abin da ke gabanta. Na sa limamin unguwa ya yi magana, ta ce ta yafe, amma itace ya fi mata. Ina kallo idon dama ya koma ja, ta fara lalubar ludayi a gabanta.

Lallashi ya ƙare mini, sai na koma ga abin da na iya. Akwai wata mai tuwo a ƙarshen layi da suka daɗe suna jan masu ciniki da Inna. Na fitar da murhun na goge shi tas, na ajiye a zaure inda kowa zai gani. Sannan na ce da matata, da ƙarfi yadda zai kai madafi, mai tuwon ƙarshen layi ta aiko tana so, jibi za a zo ɗauka. Ba ƙarya na yi ba, ni na fara kai mata tallansa.

Da yamma ina zaure na ji an ce, "Kai."

Na duba ko da wani ake. Inna ce tsaye a bakin ƙofar tsakar gida.

"Wa ya ce ka fitar mini da kaya?"

Na ce, "Na ga kamar an gama da shi ne, Inna."

"Da bakina na ce na gama? Ka rasa wanda za ka ba sai wadda tuwonta ke kwana? Ɗauko shi. Kuma ba aike nake so ba. Kai da ka san abin, kai za ka faɗa."

Na ɗauko. Ta ce ba madafi ba, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke wucewa. Ta zauna a kujerarta, na tsuguna kusa da ita, kusancin da rabona da shi tun ina goye. Na buɗe makunnin ba wuta na ce ta saurara. Ta kara kunne ta ji yana huci. Na ce ta shaƙa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Ɓeran nan ne."

Na ce, "Shi ne. In kika hure, wutar ce kawai ta mutu, shi yana nan yana fita. Da kin shiga da kaskon nan, da ɗakin gaba ɗaya ya kama."

Ta sa hannu ta murɗe makunnin har ya tsaya. Sannan ta juya wajen matata, wadda ke raɓe a jikin ginshiƙi. "Ke kuma kina bina a baya kina rufewa, kamar mai renon mahaukaciya?"

Matata ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Daga nan tambayoyi suka fara, irin waɗanda ni ban yi wa nas ba. In miya ta tafaso ta kashe wutar fa? In iska ta kashe ta ba a gani ba? Rana tana taɓa tukunyar gas, ko a matsar da ita inuwa? Wanda na sani na amsa, wanda ban sani ba na ce zan tambayo a inda ake cika gas. Ta kunna ta kashe, ta kunna ta kashe, har ashana ta kusa ƙarewa. Duk wannan ba ta kalle ni ba, amma da ta ga tafin hannuna ta ce a kawo man shanu.

Ita da kanta ta tsara sauran. Ta sa aka ajiye ɗan murhun gawayi can ɗaya ƙarshen tsakar gida, nesa da rumfa, ana hura shi da asuba. Ta ce na ruwan alwala ne. Matan layi suka dawo da murafan kwanonsu. Duk wadda ta nufi rumfa da garwashi a hannu kuwa, sai ta ji muryar Inna tun daga nesa.

Da yaƙi ya yi tsanani gas ya yi wuya. Wani lokaci sai in bi motar goro har Ikko kafin in samo tukunya guda. In ta ƙare kafin in dawo, matata ce ke girki da itace a fili, Inna tana zaune nesa tana ba da umarni. Ba ta ƙara durƙusawa gaban hayaƙi ba. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya kamar yadda likita ya faɗa. Na daman ya tsaya inda yake.

Bayan yaƙi, da wata sallah, na sayo mata turmin atamfa a hannun wani abokin sana'a. Na duba shi sosai kafin in biya, don duba kaya shi ne abincina. Na ba matata ta kai mata. Can sai ga Inna ta fito tsakar gida, ta ware shi a rana, ta karkata kai ta bi shi da idonta ɗaya tun daga baki har baki. Ta tsaya a wani wuri ta sa farce.

Ta ce, "Kai, zo ka gani. Rini ya zuba a nan. An cuce ka."