Kaka Ƙaltume da Zanen da Na Yi Mata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, takwas ga Rajab, 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kakata, Ƙaltume Usmanu, a gidanmu da ke unguwar Ƙurban a Madina. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, aka kai ta Baƙi'a. Mu mata ba mu shiga, don haka a bakin katanga muka tsaya.

Kaka, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Umma. Da Hausa zan rubuta shi, domin shekara goma sha uku kina yi mini Hausa ina mayar miki da Larabci.

Masu zuwa gaisuwa suna ta faɗin alherinki, kuma duk gaskiya ne. Shekaru kika yi kina tsince dabino a wata gona a Awali, kina ware mai kyau da mai tabo. Wanda mai gona ya bar miki, ba ya isowa gida cikakke, a hanya kike raba shi. Inna Fatna ta ce lokacin da ta zo daga Sudan ba ta san kowa ba, a ɗakinki ta kwana wata biyu. Ni abin da na sani, ke kika goya ni Umma tana aiki. Ba ki taɓa bari a ce Madina da zafi a gabanki ba. Kuma duk sanda muka doshi Masallacin Ƙuba da safe, sai ki cire takalmanki ki riƙe a hannu. Kin ce mahaifinki da ƙafa ya tako daga Damagaram don ganin garin nan, ya rasu bai iso ba, ke kuwa da kika iso ba za ki taka wannan ƙasa da fatar dabba ba.

Bara 'yan ajinmu suka kamu da son wani katun na Japan, irin da ake kira anime. A cikinsa kowace ƙasa mutum ce, da kayanta da halinta na ban dariya. Wata ci, wata fankama, wata da an yi tsawa ta ɓuya bayan maƙwabciyarta. Wata rana kika leƙo wayata kika ce, "Su wane ne waɗannan masu idanu kamar faranti?"

Na ce ƙasashe ne.

"To ina tamu?"

Na ce ban gan ta ba tukuna, kuma ni ban ma san wacce ce tamu ba.

Kika yi dariya. "Ubana Damagaram, a Abeshe ta Chadi aka haife ni, a Mai Wurno ta Sudan aka yi mini aure, a nan na tsufa. Sai su zana ni mutum huɗu, ƙawata, kowacce da butarta."

A makaranta ni ba na magana. In malama ta kira sunana, muryata maƙalewa take. Zane kaɗai na iya. Da Sundus, wata 'yar ajinmu, ta ce kowa ta zana ƙasarta kamar yadda ake yi a katun ɗin, sai na duba abin da ke rubuce a takardar zamanmu, Chadi, na zana ke. Na sa miki tsagen fuskarki, da lafayarki mai ruwan ƙasa, da takalma a hannu. Na sa ki kina yi wa direban bas Larabcinki mai karyewa. Suka yi dariya har Hibatullah ta sauko daga kujera. Ba a taɓa zagaye teburina ba sai ranar. Suka ce in ƙara, na ƙara. Shafi goma sha ɗaya na yi, duk abin da kike yi a gida na kwashe na kai musu: yadda kike gaida na'urar ɗaga mutane kafin ki shiga, yadda kike ɗaga gutsuren burodi daga ƙasa ki ɗora a kan katanga.

Na riƙa ce wa kaina ai wasan jika da kaka ne. Ke ma kina tsokanata, kina cewa ƙafafuna kamar sandar rake. Amma wancan a gabana kike yi, ina ramawa. Nawa a bayanki na yi shi, a gaban waɗanda ba su san ki ba, kuma ban ce musu kakata ce ba.

Sai ranar da na manta maganin asmata a gida. Makarantarmu tana kusa da Ƙuba. Kika tako da kanki, kika tsaya a ƙofa lokacin tashi, magani a hannu ɗaya, takalma a ɗayan. Sundus ce ta fara ganin ki. Ta ja hannuna tana cewa da Larabci, "Rumaisa, ga Chadi ta fito daga littafinki." Duk suka juyo. Kika ɗaga maganin kina murmushi, kika ce, "Ƙawata, kin bar numfashinki a gida."

Hibatullah ta tambaye ni wace ce. Na ce mai aikin gidanmu ce.

Da Larabci na faɗa, a hankali, kamar ba shekara arba'in kika yi a garin nan ba. Kika miƙo mini maganin. Kika sunkuya, kika ajiye takalman a ƙasa, kika saka. Muka taho gida ina gaba kina baya. Ba ki faɗa wa Umma ba. Da yamma kika dama mini kunu kamar kullum. Amma daga ranar, in dai muna tare, ba ki sake cire takalmi a hanyar Ƙuba ba. Na lura. Zanen ne kawai na daina.

Da ciwonki ya yi nauyi, ranar Litinin kika sa aka riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya don neman gafara, yadda manya suke yi. Umma ta shiga ta fito tana kuka. Kawu Sharfuddeen ya shiga ya daɗe. Ina tsaye a bakin ƙofa ina shirya maganata, domin na san yadda ake yi: in babba ya ce ka yafe masa, sai ka ce bai yi maka komai ba, kai ne za ka roƙe shi.

Na shiga. Kika kama yatsuna kika ce, "Rumaisa, ki yafe mini. Na zo na ba ki kunya a gaban ƙawayenki. Da na sani da na aiko wani."

Kaka, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na yafe." Shi ke nan. Na karɓi roƙonki kamar ke ce mai laifin. Kika ce, "Allah Ya yi miki albarka," kika saki hannuna don Inna Fatna tana jira. Na ce a raina gobe zan koma in babu mutane. Talata ɗakin bai rabu da mutane ba, ni kuma na kasa magana a gabansu. Laraba ina aji aka zo ɗaukata.

Jiya a wurin zaman makoki na tambayi Malama Safiyyatu, mai koya mana Alƙur'ani a unguwa. Ban ce ni ba ce. Na ce in mutum ya ci mutuncin wani a bayansa, wanin ya rasu bai nemi gafararsa ba, yaya zai yi? Ta dube ni. Ta ce ya tuba ga Allah, ya yawaita yi wa mamacin addu'a, sannan ya koma wurin mutanen da ya ɓata shi a gabansu, ya faɗi alherinsa a can.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Ƙaltume. Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata shi, Ka sa ta cikin maƙwabtan ManzonKa, tsira da amincinKa su tabbata a gare shi, a lahira kamar yadda Ka sa ta a duniya. Ka sada ta da mahaifinta da bai iso ba. Ina yi wa Umma Sa'adiya ta'aziyya, da Kawu Sharfuddeen, da Inna Fatna, da matan da suka yi aikin dabino tare da ita. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma Ya gafarta mini.

Ranar Lahadi zan koma makaranta. Na tura wa Sundus saƙo na ce ta tara waɗanda suka ga zanen, lokacin hutun ƙarfe tara, ina da magana. Ta tambaye ni ko sabon shafi ne. Na san muryata za ta maƙale, don haka na rubuta farkon maganar a tafin hannuna: sunanta Ƙaltume Usmanu, ita ta haifi mahaifiyata, kuma ƙarya na yi muku.